Babur Marar Kuloci

Ranar wata Asabar, da misalin ƙarfe tara na safe, aka sauke wa wani ɗan acaɓa kwali a ƙofar gida. Ƙanensa ne ya aiko wa ɗan wan nasa mai shekara takwas ɗan ƙaramin babur na shiga daji, mai tayoyi masu haƙora, tsayinsa bai wuce cinyar babban mutum ba. Mutumin nan shekararsa ashirin a kan babur, don haka ya ce sai ya gwada shi kafin yaron ya hau. Ya tayar, ya laluba da ƙafar hagu zai sa giya, bai ji komai ba. Ya leƙa dama, babu birkin ƙafa. Ya matse abin da ke hannun hagu a zaton kuloci ne, sai tayar baya ta cije. Ya sauka ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya durƙusa neman cen, wato sarƙar da ke juya taya, bai gan shi ba. Da ya sake hawa ya murɗa totur kuma, sai ya ji totur ɗin ya tsaya a rabi, babur yana tafiya kamar jaki da kaya. Matarsa ta miƙo masa ɗan littafin da ya zo a kwalin, ta ce, "Maigida, ko za ka duba hotunan nan?" Ya ce, "Ni za a koya wa babur da hoto?"

Ya cire fulogi ya goge, ya wanke kafireto, ya sake tayarwa, gudun yana nan yadda yake. Har azahar yana zaune cikin kayan gyara yana sosa ƙeya, ya rasa ta inda ciwon yake. Alhali babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Da gangan aka ƙera shi ba kuloci ba giya, aka mayar da birki biyu hannu, aka rufe abin da ke juya taya, duk don kada ƙaramin yaro ya rikice. Can ya hango wani ɗan noti a gindin totur, ya kwance shi, totur ya murɗu har ƙarshe. Ya yi hamdala, a ganinsa ya gano kuskuren masu haɗi. Notin nan kuwa shi ne linzamin da aka sa wa ɗan koyo, a riƙa sassauta shi kaɗan-kaɗan yayin da hannunsa ke faɗawa. Da la'asar ya ɗora yaron a filin bayan gida, ya ce ya murɗa a hankali. Yaron ya murɗa duka, babur ya ɗaga gaba ya shige dangar maƙwabci. Aka kai shi ɗori, ya yi wata biyu hannun dama a rataye.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kama da wane ba wane ba ne.