Awa Ɗaya Cikin Farin Layi

Shekara goma sha biyar ke nan da hana gudu a Funtuwa. Duk wanda ya ruga, fitilar titi ta yi ja, mota ta zo ta ɗauke shi. Filin sakandare kaɗai aka bar wa awa ɗaya ran Laraba, shi ma iyaka cikin farin layin da ya kewaye filin.

Malam Sallau ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, sai duba agogo yake yi. Ya sa ɗalibai suka miƙe jijiyoyi, suka yi ta tsalle har jiki ya ɗau zafi.

"Ku ɗaga gwiwa, ku taka da kan yatsu. Kada kowa ya waiwaya."

"Malam, wa zai biyo mu?" in ji Hansatu, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa gudu ba.

"Babu kowa. Ki tafi kawai."

Ya busa usur. Sauran suka yi ta tuntuɓe, ita kuwa ta fita kamar iska, tana dariya. Sai da ta doshi farin layin sannan Malam ya tuna bai koya musu yadda ake tsayawa ba.

Ta tsallake layin, fitilar bakin fili ta yi ja. Malam ya yar da usur, ya bi ta a guje.