Ledar Ɓawon Rogo

Fartanya ta zaƙulo leda sukutum, ko hujewa ba ta yi ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari suka hau gunaguni.

Wata uku ke nan da wata malamar kimiyya ta binne ledar da ta sarrafa daga ɓawon rogo a bayan rumfunansu, ta ce za ta ruɓe. Yau za su karɓi aikinta na shekara huɗu ko su watsar.

"Malama, ina ruɓewar?" in ji shugabansu.

Shugaban ya goge ledar, ya ƙura mata ido.

"Wannan ba taki ba ce, tambarin shagon mahaifina ne a jikinta. Shekara ashirin da rufe shagon."

Suka tona har gwiwa, ba su sami tata ba, ta riga ta ruɓe.