Ranar da Tela Ya Raka Yayarsa Rafi

Zauna tukuna, Tanimu. Saƙonka zan kai wa gyatumarka kamar yadda na saba, amma bari in ba ka wani misali kafin in tashi.

An yi wani tela a birni, mai hannu ne ƙwarai, aiki ba ya yanke masa. Yana da yaya mace a ƙauye, maginiyar tukwane, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da girma ya zo mata mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma aure ya kai su nesa, ta saura ita kaɗai a gida. Telan bai manta da ita ba. Duk motar da za ta ƙauyen sai ya ba da saƙo: shinkafa, sukari, riguna da ya ɗinka da hannunsa. Shi dai ne bai je ba, shekara na bin shekara, kullum yana cewa sai aiki ya lafa. Ana nan, a tsakiyar sanyi, wani direba ya dawo masa da labarin cewa tsohuwar ta daina cin abinci, ta daina gini, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Hankalinsa ya tashi. Ya rufe shago ya yi sammako, da niyyar ya ɗauko ta ya kai ta asibiti a ranar. Ya same ta a ɗaki ƙudundune cikin mayafi, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, murhu ya daɗe bai ga wuta ba, buhunan da ya aiko na jingine ko bakinsu ba a farke ba. Ta jima tana dubansa, sannan ta ce, "Auta, kai ne da kanka?" Ya ce ta shirya su tafi. Ta ce ai mota ba ta juyawa sai bayan azahar, ya fara raka ta bakin rafi ta ga inda take haƙar yumɓu, don ba ta san ko za ta sake ganinsa ba.

Suka fita da hantsi, sanyi na cizon kunne, rana na ɗan ɗumama baya. Gonaki duk an girbe, shanu na kiwo cikin sauran kara, balbelu na biye da su. Tana dafe da kafaɗarsa, in sun ɗan taka sai ta tsaya ta mai da numfashi. Da suka iso gindin wata magarya da ta nuna jawur, ta ce a nan take ɗora shi a wuya ya tsinko musu, shi ya ci nunannu ya miƙo mata ɗanyu. Ya yi dariya, ya samo sanda ya karkaɗe reshe. Ta tsuguna tana tsincewa a bakin zane, can sai ta jefa ɗaya a baki. Ya gani, ya ƙara karkaɗo mata wasu. Suka gangara fadama, inda lambuna suka yi kore shar da albasa da alkama. Wani mai lambu da ya hura wuta yana jin ɗumi ya yi musu maraba, ya tono dankali daga cikin toka ya miƙa mata. Ta ɓare, ta hura, ta raba biyu, ta ba ƙanen nata babban rabin, ta cinye nata tas. A bakin rafi ta cusa hannu cikin yumɓu mai sanyi, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce na bana ya yi kyau, ba yashi a cikinsa. A hanyar komowa ba ta ƙara dafa shi ba sai sau ɗaya, wajen hawan gangare, bakinta kuwa bai huta ba: wa ya haihu, wa ya rasu, wace bishiya aka sare. Suna shiga gida ta ce ba za ta bar shi ya koma birni da yunwa ba. Ya kwaso kara ya hura wuta, hayaƙi na sa shi hawaye, ita kuma ta kwaɓa ɗanwake ta jefa a tafasasshen ruwa, ta tsame, ta zuba man gyaɗa da yaji, ta yanka albasar da mai lambu ya ba su. Suka zauna a tsakar gida inda rana ta fi sauka, kwano ɗaya a tsakaninsu. Mota ta gaji da jira ta tafi, su kuwa ba su ɗaga kai ba sai da suka ga gindin kwanon. Da ya tambaye ta me ya hana ta cin abin da yake aikowa, sai ta ce, "Abinci ba ya wucewa in babu wanda za ka ce wa bismillah."

Asibitin ma sun je daga baya, aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta magani. Amma daga ranar telan ya riƙa rufe shago lokaci-lokaci ya tafi ya kwana biyu, ko da bai riƙo mata komai ba. Kafin ruwan farko ya sauka, tsohuwar ta toya tukwane har ta kai kasuwa.

Ka ji, Tanimu. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.