Littafin Waƙoƙin Marigayi

Kwana uku da rasuwar mijina Uwais, abokansa suka cika falonmu a unguwar Shumaisi ta Riyad, wai ta'aziyya. Ina bayan labule ina jinsu suna musu kan wanda ya fi kowa rubuta waƙoƙi masu daɗi. Wani ya kawo zancen Turawa masu kiɗan jita, aka ce ihu ne kawai. Ƙarshe suka tsaya kan Lurwanu, mawaƙin bukukuwanmu na Riyad.

Lurwanu kuwa ya fi kowa kuka. Da suka watse, ya matso jikin labule.

"Hajiya, a rufa min asiri. Marigayi ne ke kawo min waƙoƙin nan, ga shi ina da biki ranar Juma'a. Bai bar wani littafi ba?"

"Uwais? Allah ya jiƙansa, in ya yi wa yaro waƙa ƙara kuka yake. Ni ke rera masa ina wanke-wanke, ya rubuta ya kai maka."

Ya ƙara matsowa jikin labulen.

"To Hajiya, ko guda ɗaya."

"Takaba nake, kuma wanda nake yi wa waƙar ya tafi. Ranar Juma'a sai Riyad ta ji taka."