Zagaye Ɗaya a Hankali

Haba Lurwanu! Yanzu ka fito daga filin tsere, mota na huci, ka murɗe makulli ka kashe ta? Tayar da ita, ka bar ta a silo tana aiki a tsaye, ka zo ka zauna kan bencin nan. Shekara talatin ina kwance inji ina ɗaurawa, bakina ya gaji da wannan magana, amma bari in ba ka misali ko ya shiga.

An yi wani direban tsere a wani gari, gwani ne na gaske, ba na hana shi wannan. Shekara huɗu shi da bakanikensa suna haɗa wata 'yar ƙaramar mota ja mai turbo. Ka dai san turbo: fanka ce ƙarama da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma tana ɗura wa injin iska, shi ya sa motar ke tashi kamar an tsikare ta. To, wannan fanka a cikin wuta take rayuwa, har ja take yi in an matsa mata, kuma ba abin da ke raya ta sai baƙin mai da ke zagayawa ta cikinta yana kwashe zafi. Mutumin nan ya yi wa mahaifiyarsa alkawari cewa daga tseren bana ya bar tsere har abada, don tsohuwa ta gaji da zaman fargaba. Ke nan dama ɗaya ta rage masa ya ɗauki kofin da ya yi shekaru yana bi, ba ta biyu. Bakaniken ya yi duk abin da ake yi: ya sa babban lagireto mai sanyaya ruwan inji, ya ƙara wa mai nasa abin sanyayawa, ya buɗe wa iska hanya ta gaba. Abu ɗaya tak ya roƙa. Ya ce, "In ka gama gudu, yi zagaye ɗaya a hankali iska ta ratsa ta, in ka tsaya kuma ka bar ta tana aiki minti uku kafin ka kashe." Wallahi ko yaron goye aka gaya wa haka ya riƙe.

Ranar tsere sau uku ake karawa kafin na ƙarshe. Gogan naka ya cinye na farko, fili ya ɗauki sowa. Sauran direbobi suka rage wuta suna zagayen hucewa, shi kuwa ina! A ganinsa tafiyar hawainiya a gaban jama'a abin kunya ne, kada a ce motarsa ta gaji. Ya yanko da gudu ya ci burki a rumfa, ya kashe, ya yi tsalle ya fita ana ɗaga masa hannu ana ɗaukar hoto. Bakaniken ya biyo shi yana faɗa, sai direban ya ce masa, "Baba, ai kashewa ita ce hutu. In aka janye itace tukunya hucewa take yi." Ka ji fa! Mutum ya karanta allon sitiyari kawai, yana koya wa mai gyara aikinsa. Bai san da ya kashe inji famfon mai ya tsaya, ruwa ya tsaya, zafin kuwa yana nan daram ba inda ya tafi. Ɗan man da ya rage a cikin turbo sai ya tsaya wuri ɗaya yana dahuwa har ya zama ƙanzo, ya toshe 'yar hanyar da sabon mai zai bi. Ya ci na biyu, ya maimaita. Ya ci na uku, ya sake, har da cire makullin ya jefa aljihu don kada a tayar masa da mota a ƙona mai a banza. Bakaniken ya buɗe bonet, ƙaurin da ya bugi hancinsa ya ishe shi labari. Ya zauna kan tsohuwar taya ya rafka tagumi, takaici kamar ya kashe shi.

Aka tashi na ƙarshe. Zagaye biyar yana gaba, ba mai ko shaƙar ƙurarsa. A na shida motar ta yi wata irin ƙara, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanta, ya taka totur har ƙasa ba ta amsa ba. Waɗanda ya raina saboda zagayen hucewa suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har na kashin baya. Ta mutu a can ƙarshen fili, nesa da rumfa. Aka rasa abin janta sai wata tsohuwar a-kori-kura mai kawo ruwan sha, aka ɗaure da igiya. Hanyar fita kuwa ɗaya ce, dole sai an bi gaban 'yan kallo. Haka aka ja shi, yana riƙe da sitiyari, kansa a sunkuye, ya yi zagayen nan da ya ƙi yi, a hankali fiye da yadda aka roƙe shi tun farko. Ya koma gida ya cika wa tsohuwa alkawari, hannu rabbana.

Kada ka tambaye ni wane ne bakaniken, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Minti ukunka sun cika, je ka kashe ta. Amma gobe in ƙafarka ta yi maka ƙaiƙayi, ka tuna Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.