Takalman Tasalla

Tun da aka kafa Dokar Daidaito, ba mai shiga ofishin ƙaramar hukuma sai da lulluɓin nan ruwan toka, wanda ke rufe fuska ya mai da kowace murya iri ɗaya. Ba a ganin tsaga, ba a jin karin harshe.

Tasalla ta zo neman rumfa a sabuwar kasuwa. 'Yar Rinji ce, unguwar jikokin bayi, inda tun yarinta ake koya wa mutum ya tuɓe takalmi kafin ya tsaya gaban manya. Da layi ya zo kanta, ƙafafunta suka yi abin da suka saba.

Jami'in ya ɗan leƙa bakin ƙofa, ya ga silifas a ajiye.

"Malama, rumfuna sun ƙare. Sai baɗi."

Tana fitowa ta ji ana miƙa wa wadda ke bayanta a layi mukullin rumfa.

'Yarta Hajo ta tare ta a waje. "Inna, ba na ce kada ki cire ba?"

Tasalla ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki takalmanta. "Fuskata suka rufe, Hajo. Ƙafata ba wanda ya gaya mata an yi doka."