Gyaran Wasiƙar Peniasi

Peniasi ya miƙa wa Litiana wasiƙar neman aurenta, wadda ya rubuta wa kawunta da Turanci. Gyara rubutun ɗalibai ne aikinta a birnin Suva.

"Duba min, malama, kar tsohon ya raina ni."

Ta karanta har inda ya ce tabbas ita ma tana sonsa. Ta daɗe riƙe da biro, sannan ta soke "tabbas", ta sa "mai yiwuwa".

Ya yi dariya. "Ƙa'idar Turancin ce?"

"Ba a cewa tabbas sai da hujja."

Dariyar ta ɗauke. "To ba ni hujjar mana, Liti."

Hawayenta ya ɗiga kan takardar. "Shekara biyu ina nemanta a zuciyata, Peni. Ban samu ba."